AMARYAR LANDAN TANA NAN A ƊAKIN UWARTA

Yau na ɗan ajiye labari gefe guda, saboda akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk wanda ya saba da littattafanmu na soyayya ya san wannan shafin. An ɗaura aure ranar Juma'a, an yi dina ranar Asabar, ranar Lahadi dangi sun cika filin jirgin Malam Aminu Kano ana ta koke-koke, kana juya shafi sai ga amarya a Landan tana leƙen dusar ƙanƙara ta taga. Babu mai tambayar da wace takarda ta hau jirgin. 'Yan mata na karantawa, iyayensu mata ma na karantawa, har ya zauna a zukata cewa in dai mijin ɗan ƙasar waje ne, to tafiya ta gama haɗuwa, saura ɗinki da gyaran jiki.

To ga yadda abin yake a Ingila, tunda ita aka fi so a labari. Tun shekarar 2012 suka kafa dokar cewa ɗan ƙasa ba zai kawo matarsa daga waje ba sai yana samun fam 18,600 a shekara. A watan Afrilun 2024 suka ɗaga shi zuwa fam 29,000, wanda a canjin 2025 ya haura naira miliyan 50. Ba da baki zai faɗa ba, sai ya kawo takardun albashi na wata shida da bayanin banki. In kuwa da ajiya zai dogara, sai an ga fam 88,500 a asusu. Ita kuma amarya sai ta ci jarrabawar Turanci ta ji da magana, domin ba su lissafa Nijeriya cikin ƙasashen da aka ɗauke wa wannan ba, duk da su ne suka kawo mana Turancin. Sai ta je Abuja ko Legas an yi mata gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi. Kuɗin biza da kuɗin asibiti da ake biya tun kafin a tafi, a 2025 sun kai wajen fam 5,000. Bayan duk wannan, abin da za a ba ta izinin wata 33 ne kacal, sai ta sake nema, ta sake biya, sai ta cika shekara biyar kafin a yi maganar zaman dindindin.

Ni dai a ganina wannan doka ta kuɗi babu adalci a cikinta. Direban bas ko mai gadin kanti da ke biyan haraji a ƙasarsa an ce masa bai isa ya zauna da matarsa ba, mai kuɗi kuwa ko a jikinsa. Amma fushina ba zai sauya dokar Turawa ba, kuma ba ita ce ta fi kayar da 'ya'yanmu ba. Takardunmu na gida su ne.

Ɗauki yarinya guda. A takardar firamare A'ishatu ce, a ta WAEC Aisha, a katin ɗan ƙasa an ƙara mata sunan garinsu, a fasfo an sa sunan kakanta. Mahaifinta a nan Muhammad, a can Mohammed, a takardar gida Mamman. Shekarar haihuwa kuwa an rage mata biyu lokacin da za ta rubuta jarrabawa, ranar kuma 1 ga Janairu kamar rabin 'yan ajinsu. Mu a wurinmu duk mutum ɗaya ce, kowa a unguwa ya san ta. Baturen da ke zaune gaban kwamfuta bai san unguwa ba, mutum huɗu yake gani. Daga nan sai a fara zarya tsakanin kotu, ofishin hukumar ƙidaya da ofishin katin ɗan ƙasa, ana rantsuwa ana buga canjin suna a jarida, watanni na tafiya.

Sai maganar shi kansa auren. Mu yadda muke yi, waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, a faɗi sadaki a gaban shaidu, a shafa fatiha a raba goro. Amarya tana cikin gida, ango ma wani lokaci yana can ƙasarsa, ta waya aka yi masa albishir. A addini aure ya ɗauru babu ko tantama. Ingila takan karɓi irin wannan in ya halatta a dokar ƙasar da aka yi shi, amma sai an nuna mata shaida a rubuce. Amurka kuwa dokarta ta ce auren da aka ɗaura ango da amarya ba sa wuri ɗaya, ba za a lissafa shi a maganar biza ba sai in sun haɗu sun tare bayan ɗaurin. Wato dole ango ya zo da ƙafarsa. Sannan suna son hujjar cewa auren na gaske ne: hotuna tare, saƙonnin waya, tikitin ziyara. Yarinyar da aka tarbiyyantar kada ta yarda a ɗauke ta hoto da saurayi, yau an ce ta kawo hoton. Auren zumunci da iyaye suka haɗa, wanda ba a yi doguwar hira ba, shi ya fi shan tambayoyi.

Wasu don neman sauƙi sai su ruga rajista a yi musu auren kotu, ba tare da an gaya musu cewa a dokar Nijeriya wannan auren na mace ɗaya ne ba. Ina ba da shawarar a tambayi lauya da malami kafin a sa hannu. Tunda an zo nan kuma, bari in faɗi wadda ba a son ji. In yana da mata a can, Ingila ba za ta ba ta biyu bizar aure ba, haka Amurka. Duk mai cewa zai san yadda zai yi, to ya fara faɗin yadda ɗin a gaban manya.

Amurka ma dai ba a gama sanin gabanta. Ganawar bizar zama a Legas kawai ake yi, ba a yi a Abuja. A farkon 2020 Trump ya rufe wa 'yan Nijeriya wannan ƙofar, Biden ya buɗe a 2021, a Disambar 2025 kuma aka sake sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da aka taƙaita wa biza. Jamus tun 2007 take neman matar ta fara koyon Jamusanci kafin ta taso. Ko Saudiyya da muke gani kamar gida, ɗan ƙasar sai ya samu izinin hukuma kafin ya auri baƙuwa.

A irin wannan ruɗani ne 'yan cuwa-cuwa ke cin kasuwa. Wani zai ce a nemi bizar ziyara, in ta shiga sai a gyara. A Ingila ba a juya bizar ziyara ta koma ta aure, sai ta dawo gida ta nema. Wani zai ƙirƙiro takardar banki ko ya ce ta rubuta ba ta da aure. A Amurka ƙarya guda a fom tana iya hana mutum shiga har abada, sai in an yi masa yafiya ta musamman.

Akwai wata 'yar maƙwabtanmu da aka yi wa biki na gani na faɗa, aka jera kaya a akwatuna don tafiya. Shekara biyu ta yi tana jira. Ba budurwa ba ce balle ta koma makaranta hankali kwance, ba ta kuma da ɗakin kanta. Gidansu na cewa ta koma wajen surukai, surukai na cewa ai ba a kawo musu ita ba. Ta haihu a ɗakin uwarta, uban a waya ya ga ɗan. Matan unguwa kuwa in ta fito sai ka ji, "A'a, 'yar Landan, har yanzu ba a tafi ba?" Wannan tambayar ta fi rashin bizar ƙona mata rai. Allah Sarki.

Shi ya sa nake cewa a sa maganar takarda cikin binciken aure. Muna aika mutane su binciko asali, sana'a da hali, har gwajin jini yanzu ana yi. Me zai hana waliyyi ya zaunar da yaro ya ce, "Malam, da wace takarda kake zaune a can? Fasfo ɗin ƙasar ne da kai, ko izinin aiki, ko karatu kake yi?" Amsar tana da muhimmanci, domin tun Janairun 2024 Ingila ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu kai iyalansu, a Maris na shekarar kuma ta hana masu aikin kula da tsofaffi. A tambaye shi nawa yake samu, wa zai biya kuɗin biza, ina yarinya za ta zauna kafin ta fito, wa zai ciyar da ita, in kuma aka hana, zai dawo gida ne ko yaya. Na san za a ce ana jin nauyi, kada a ce an yi kwaɗayi. To ai gara a ji nauyin a zaure rana ɗaya. A kuma fara daidaita sunan yarinya da shekarunta tun ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa, kafin a fara rigimar anko.

Abu na ƙarshe ga wadda Allah Ya sa ta samu ta tafi. A shekaru biyar ɗin farko zamanta a Ingila rataye yake da auren, in ya mutu ana iya yanke mata izinin. Wasu mazan sun san haka, da shi suke tsorata matansu. Amma dokar ƙasar ta ware hanya ga matar ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin da auren ya mutu saboda duka ko cin zarafi, tana iya neman zama da kanta ba da sa hannunsa ba. Iyaye su gaya mata wannan kafin ta hau jirgi, su kuma ce mata fasfonta ya zauna a jakarta, ba a aljihun maigida ba.