Kafin a sa kyauta, a nemo mai horon kare

Kowace shekara, in an kammala girbin hatsi, an kai amfanin gona rumbu, kare yakan samu daraja a karkarar Gidan Sori da sauran ƙauyukan gundumar Gidan Rumji. Lokacin ne ƴan farauta ke fita da kulake da karnukansu, su kutsa saura da fadama neman zomo da zabon daji da kurege. Wanda ya taɓa ganin fitar ya san ba kowane kare ake tafiya da shi ba. Karen farauta ya san muryar ubangijinsa a cikin hayaniyar mutane masu yawa, yakan tsaya in an ce ya tsaya, yakan kama nama ya riƙe ba tare da ya cinye ba. Wannan hali koya masa aka yi tun yana ɗan kwikwiyo, kuma masu koyarwar suna ta raguwa.

Dalilan raguwarsu a fili suke. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da namun daji masu yawa. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun cinye dajin da ke tsakanin gari da gari. Ga kuma doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar: ta wajabta takardar izini, ta kuma keɓe dabbobin da ba a taɓawa. Doka ce mai kyau, domin dajin da aka ƙarar da naman cikinsa bai amfani kowa ba. Amma ita farauta in ta ja baya, karnuka ba su bi ta ba. Suna nan a bakin kasuwa da bayan mahauta, da yawansu babu mai su, babu horo, babu allura.

Akwai darasi a abin da Turawa suka yi da nasu karnukan. A shekarar 1978, a babban taron nuna karnuka na Crufts da ke Ingila, an rasa abin da za a ɗebe wa ƴan kallo kewa da shi tsakanin sashe da sashe. John Varley da wani gwanin horo mai suna Peter Meanwell suka shirya wani wasa da suka kwaikwayo daga tsallen dawaki, wanda ake kira ajiliti, wato gasar zafin nama da biyayya. Ana jera shingaye kamar 20 a fili. Kare zai tsallake sanduna, ya ratsa ta cikin doguwar bututu, ya hau katako mai lilo ya sauka, ya yi saƙa tsakanin turaku 12 da aka kafa a jere. Mai shi yana gudu a gefensa, babu igiya, babu abinci a hannu, ba ya taɓa shi, sai dai murya da nuni. Ana ƙidaya lokaci, ana ƙidaya kuskure. Wasan ya bazu har aka yi gasar duniya ta farko a ƙasar Suwizalan a 1996.

Wanda ya ji haka zai zaci dukiya mai yawa ake rabawa a wurin. Abin mamaki, karen da ya zo na ɗaya a dukan taron Crufts, inda dubban karnuka ke shiga, kyautar kuɗinsa ba ta wuce fam 200 ba, sai kofi. A taron Westminster na birnin Niyok a Amurka kuwa, zakaran ba ya samun ko kwabo. Abin da ya riƙe wasan shi ne ƙananan ƙungiyoyi na garuruwa, inda mutum zai kai karensa kowane mako wurin mai horo, mafi yawansu kuma aikin sa kai suke yi. Mai horo ɗaya yakan tayar da ɗalibai, ɗaliban su tayar da wasu.

Ba sai an je Turai ba ma. Kokowar gargajiya ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, Yakuba Ango Kantu na Maradi ne ya fara ɗaukar takobinta, shi ya sa filin kokowar Maradi ke ɗauke da sunansa. A yau jihohi 8 na turo ƴan kokowa goma-goma, kuma mai takobi yana tashi da miliyoyin sefa. Amma takobin ya tarar da kokowa ne da ƙafafunta. Tun kafin gwamnati ta sa kyauta, kowane gari na da dandali, da makaɗa, da tsofaffin ƴan kokowa masu nuna wa yara kamu da kaye. Da babu waɗannan, da miliyoyin ba su samu wanda za a ba ba.

Saboda haka, in hukumomin Gidan Sori da na Tibiri da Gidan Rumji, ko na Agye da Gazawa, suka ga dacewar shirya gasar karnuka lokacin rani, kuma ya kamata su gani, to kada su fara da sanarwar kuɗi. Kyauta mai tsoka da aka sa kafin a samu masu koyarwa illa uku take jawowa. Na farko, mai hali zai saye karen da wani talaka ya yi shekaru yana horo, ya karɓi kyautar, shi kuwa mai wahalar a manta da shi. Na biyu, yaro mai gaggawa zai nemi ya koya wa kare cikin mako biyu abin da ke cin wata shida, sai ya koma ga duka da horon yunwa, kare kuma in ya sha duka tsoro yake koya ko cizo. Na uku, ranar da mai bayar da kuɗin ya janye hannu, gasar ta mutu. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma gudun nan shi ne watannin horo da ba mai kallo.

To, ina za a samu masu horo? Ba sai an ɗauko su daga Yamai ko Faransa ba. Sarakunan dawa da tsofaffin mahalba suna nan da ransu, sun san yadda ake zaɓen ɗan kwikwiyo, da yadda ake sabar masa da kira. Fulani da Buzaye makiyaya sun san kiwon karen da ke tsaron garke. Karen Azawak, mai dogayen ƙafafu da siririn ciki, wanda ya fito daga kwarin da ke tsakanin Nijar da Mali, Turawa sun ɗauke shi tun shekarun 1970, kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta amince da shi a matsayin iri na musamman a 2019. Abin kunya ne a ce ana alfahari da shi a ƙetare, a gida kuwa ba a ƙidaya masu saninsa cikin masu sana'a.

Aikin farko shi ne magajin gari da hakimai su rubuta sunayen waɗannan gwanaye, gari-gari. Na biyu, a haɗa su da ma'aikatan kiwo, domin kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa: mahalbi ya san halin kare, malamin dabbobi ya san cutarsa da maganinta. Na uku, waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci su zauna da dattawan nan, su rubuta abin da suka sani da Hausa a ɗan ƙaramin littafi, tun ba a rasa su ba. Kayan filin kuwa ba su da tsada. Karan dawa da turaku, da tsohuwar tayar mota, da ganga marar gindi, da katako guda sun isa.

In an kai ga kyauta, a yi ta daidai ƙarfin gari, wadda za a iya maimaitawa kowace shekara: buhun hatsi, ko akuya, ko turmin atamfa, ko ƴan jikkuna. A raba ta gida biyu, kashi ɗaya na mai kare, kashi ɗaya na wanda ya koya masa. A keɓe kyauta ta daban ga mai horon da ya kawo ɗalibai mafi yawa. Kuma a kafa sharaɗi wanda babu sassauci a cikinsa: karen da ba shi da takardar allurar rigakafin hauka ba zai shiga fili ba.

Wannan sharaɗi shi ne babbar ribar jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. In alamun ciwon suka bayyana ga mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan yanke. Wanda kare ya ciza kuma ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya garzaya likita. Abin da ke wahalar da ma'aikatan kiwo shi ne tara karnuka wuri ɗaya, gasa kuwa masu su ne za su kawo su da kansu. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, ana iya fara allurar daga nan, a yi gasar bayan girbi.

Wasu za su ce kare ba abin da Musulmi zai yi hulɗa da shi ba ne. Malamai sun san shari'a ta yarda da riƙon kare domin farauta da tsaron dabbobi da na gona, kuma Suratul Ma'ida ta ambaci dabbobin farauta da aka koya wa aiki. Wasu kuma za su ce lokacin wasa bai yi ba, tunda yankin yana fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane, har ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato suka kwararo cikinsa a 2019. Gaskiya ne kare ba ya tare mai bindiga, wannan aikin jami'an tsaro ne. Amma makiyayi ya san bambancin karen da ke haushi a kan kowace inuwa da wanda in ya yi haushi mai gida ke tashi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumomin gari da ma'aikatan kiwo da na gandun daji da sarakunan gargajiya su fara da dattawan da ke da sanin, su ba su girma da ɗalibai. In an samu mai horo a kowane gari, gasa za ta tsaya ko da kyautar buhun hatsi ɗaya ce.