SHARHI: Abin da Tsibiran Kanari ke koya wa ƙasar Rano game da yawon buɗe ido

Tsibiran Kanari suna cikin Tekun Atlantika, daura da gaɓar Maroko, amma ƙarƙashin mulkin Sifaniya. Aman wutar duwatsu ne ya samar da su, kuma har yau wutar ba ta mutu ba: a 2021 dutsen Cumbre Vieja na tsibirin La Palma ya yi kwana 85 yana amai, ya raba dubban mutane da gidajensu. Duk da haka, wannan yanki mai mutane kimanin miliyan 2.2 yana karɓar baƙi fiye da miliyan 10 a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na tattalin arzikinsa daga yawon buɗe ido yake fitowa.

Tsibiran suna da rairayin bakin teku da sanyin yanayi, amma ba su tsaya nan ba. An mayar da Teide, dutse mafi tsawo a Sifaniya mai tsayin mita 3,715, gandun ƙasa tun 1954. Ƙonannen filin Timanfaya da aman wuta ya bari a tsibirin Lanzarote ya samu irin wannan matsayi a 1974. Aka gina filayen jiragen sama da hanyoyi, aka horar da masu yi wa baƙi jagora, aka kuma ci gaba da kula da su.

A wannan shekara ta 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, a zamanin Gwamna Audu Bako. Tunaninsa ya wuce noman rani kaɗai, domin an gina otal ɗin Rock Castle a Tiga da na Bagauda don baƙi. A yau harabar Bagauda ta zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, Rock Castle kuwa ya daɗe da fita daga jerin wuraren da ake tururuwa. Bambancin ya faru ne a shekarun da suka biyo bayan yanke kyalle.

Kudancin Kano bai rasa abin nunawa ba. Rano na cikin Hausa Bakwai, kuma tarihi ya ambace ta tare da Kano a matsayin sarakunan baba. Akwai duwatsun Rano da na Rurum. Can kudu, a ƙaramar hukumar Doguwa, masana ƙasa sun tabbatar cewa duwatsun Riruwai, inda aka yi haƙar kuza, ragowar dutse ne da ya yi aman wuta shekaru fiye da miliyan 100 da suka wuce. Ga kuma dajin Falgore, wanda gwamnatin tarayya ta sanya cikin sababbin gandayen ƙasa 10 da ta sanar a 2020.

Sai dai babu mai kai iyalinsa hutu inda yake tsoron a sace shi. Falgore ya yi ƙaurin suna da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har a 2017 rundunar sojin ƙasa ta mayar da shi filin atisaye. Matakin ya dace da buƙatar tsaro, amma ya bar tambayar da hukumomi ya kamata su amsa a fili: wane ɓangare na dajin ne na soja, wane ne na namun daji da baƙi, kuma ina makomar makiyaya da manoman da ke gefensa?

Siyasa ma ta taka rawa. An ɗaga Rano zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, aka rushe ta a Mayun 2024, sannan aka dawo da ita mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Rano, Kibiya da Bunkure. Hawan Sallah da kayan tarihi, waɗanda su ne jarin jawo baƙi, suna buƙatar tsarin da ba ya sauyawa da kowane zaɓe.

Darasi na biyu daga Kanari gargaɗi ne. A Afrilun 2024 dubban mazauna tsibiran suka fito zanga-zanga, suna kukan tsadar haya, ƙarancin ruwa da ƙaramin albashi, alhali otal-otal na cike. Kuɗi na shiga, amma ba ya isa hannun kowa. A wannan shekarar kuma baƙin haure fiye da 46,000 suka isa tsibiran a kwale-kwale daga gaɓar Afirka, akasarinsu matasa masu neman aikin da suka rasa a gida.

Don haka idan ɗan takara ya zo Tarai ko Kibiya da alƙawarin farfaɗo da Tiga, matasa na da abin tambaya. Nawa aka ware a kasafin kuɗi, kuma nawa aka saki? Wa za a ba kwangilar, bisa waɗanne sharuɗɗa? Gonar wa za a karɓa, da wace diyya? Guraben aiki nawa ne na 'yan yankin, kuma wane kaso na kuɗin shiga zai koma ƙaramar hukuma? Duk shirin da ba a rubuta amsoshin nan a cikinsa ba, zai iya ƙarewa inda Rock Castle ya ƙare.