Suwidin: Hanyar wa za a fara sharewa idan dusar ƙanƙara ta zuba?

A duk hunturu, ƙananan hukumomin Suwidin kan wayi gari da matsala guda: motocin kwashe dusar ƙanƙara ba sa isa ko'ina a lokaci ɗaya. Shekara da shekaru, manyan tituna ake fara bi, hanyoyin ƙafa kuwa sai in an gama.

Garin Karlskoga ne ya juya wannan tsari. Jami'ansa sun lura cewa mota na iya ratsa 'yar dusa ba wahala, amma mai tura keken jariri ko tsoho mai dogara sanda ba zai iya ba. Alƙaluman asibitoci ma sun nuna masu tafiya a ƙasa sun fi direbobi jin rauni saboda santsi, kuma mafi yawansu mata ne. Sai aka koma farawa da hanyoyin ƙafa da na makarantun yara.

Stokholm ta kwaikwayi tsarin. Da dusar watan Nuwamban 2016 ta tsayar da birnin cik, 'yan adawa suka yi ta ba'a cewa siyasar daidaiton mata da maza ce ta jawo. Zargin ba shi da ƙwari, domin a ranar hanyoyin ƙafar ma ba su sharu ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kasafin kuɗi. Ƙaramar hukuma ce ke biyan kuɗin shara, amma idan tsohuwa ta zame ta karye a ƙugu, hukumar yanki mai kula da asibitoci ce ke biyan kuɗin tiyata. Wanda ya yi tsumulmular daban, wanda asarar ta faɗa wa daban.