Hoton WhatsApp Ba Ya Auna Zurfin Kaskon Inji

Akwai ɗabi'ar da ta shigo mana da wayar hannu, wadda nake ganin tana cin kuɗin matasa a Rano da Kibiya: sayen kayan gyaran mota da hoto kawai. Ka ɗauki hoton abin da ya lalace, ka tura wa mai shago a Kano, ya ce "akwai", ka yi tiransifa, ya ba direban haya saƙo. Da fitila ko madubi wannan na iya yi. Da kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji, wanda makanikai ke kira botom filet, caca ce.

Ƙanena a Kibiya ya ɗauki watanni yana tayar da wata tsohuwar Golf 4 da ya saya a kwance. Kaskonta na alminiyom ne, kuma motar gajeriya ce, dutse ɗaya a hanyar gona ya tsaga shi. Ya tura hoto, kaya ya iso Rano da yamma. A ido kamar an tsaga kara. Sai da bakanike ya kwanta a ƙarƙashi ya fito yana dariya: "Ƙanena, wannan ai ba shi da ramin sansa." Wasu Golf 4 suna da na'urar auna yawan mai da ake ɗaurawa a gindin kaskon, wasu babu. Hoton da aka tura daga gefe aka ɗauke shi, ramin bai fito ba.

Nan take ya fara zagin mai shago. Ni kuwa ban ga laifinsa ba. Abin da aka nuna masa ya kawo.

Wannan ma da sauƙi, tunda an gane kafin a tayar da mota. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kaskon da notinansa duk suka shiga lafiya amma zurfinsa ya bambanta. A cikin inji akwai bututun da famfon mai ke zuƙo mai da shi, bakinsa na rataye kusa da gindin kasko, tazarar ba ta wuce santimita ɗaya ba. Idan kaskon bai kai zurfi ba, ko ya lotsa, bakin bututun zai matse, mai ya ragu a hanya. Idan ya yi zurfi da yawa, bututun zai iya zuƙar iska a kwana ko gangara, gejin mai kuma ya riƙa yi maka ƙarya. Duka biyun ƙarshensu ɗaya: inji ya yi nokin, kuɗin kasko ya koma kuɗin inji.

Za ka ce ai akwai lambar shasi. Gaskiya ne, harufa da lambobi 17 ne, kuma shafukan intanet da yawa za su faɗa maka injin da motar ta fito da shi daga kamfani. To amma motocinmu nawa ne ke ɗauke da injinsu na asali? An sauke, an ɗora na Beljiyam, wani lokaci sau biyu. Sunan mota ma ba hujja ba ne. Honda Accord ta 2003 zuwa 2005 da muke kira EOD tana zuwa da inji mai silinda huɗu da kuma V6, kaskonsu ba ɗaya ba. Bidiyon YouTube da ka kalla, ko amsar da ChatGPT ya ba ka, suna magana ne kan motar da ba a taɓa ba.

Ba cewa nake a ajiye waya a hau motar Bunkure zuwa Ƙofar Ruwa kan kowane noti ba. Kuɗin mota kaɗai ya isa hana mutum. Wayar ce ba ma sa ta aikin da ya dace. Goge jikin inji ka ɗauki lambarsa, ita ce ke magana. A Volkswagen harufa ne kamar AKL. Idan akwai lamba a jikin tsohon kaskon, ɗauke ta. Ƙirga ramukan noti, sa tef ka auna zurfi, hoton ya nuna tef ɗin. Sannan ka kira mai shago ta bidiyo, shi ma ya auna nasa kana gani, ya juya maka gindinsa. Kafin alat ya shiga, a rubuta a WhatsApp cewa in bai hau ba za a canza.

Kafin a shafa gam kuma, roƙi bakanike ya manna ɗan curin laka a gindin kaskon daidai saitin bututun, ya ɗaura, ya kwance, ya duba kaurin da ya rage, ya wanke tas. Zai yi ƙorafin aiki biyu, ƙara masa kuɗin shayi.

Kaskon ƙanena ya koma Kano, na biyun ya iso bayan kwana huɗu. Kuɗin direba sau uku shi ya biya.