"An Yi Masa Aiki": Giɓin Littattafan Tiyata da na Fagen Daga a Harshen Hausa

Duk wanda ya taɓa neman littafi a kundin laburare da kalmar Ingilishin nan "operation" ya san irin tarkacen da ke fitowa: littafin fiɗa kusa da tarihin saukar sojojin ƙawance a gaɓar Normandi a 1944, ga na lissafi, ga na tafiyar da masana'anta. Da farko na ɗauki wannan a matsayin rauni na Ingilishi, kalma guda tana ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinta. Daga baya na lura cewa Hausa ma haka take yi. Idan aka ce "an yi wa Malam aiki", ba mai tambayar wane aiki, kowa ya san an shiga da shi ɗakin tiyata. Matar soja kuwa idan ta ce an tura maigidanta aiki, ta san ba ofis ake nufi ba. Bambancin da ke tsakanin harsunan biyu shi ne, a Ingilishi akwai dubban littattafai a bayan kalmar, mu kuwa abin da ke bayan tamu bai taka kara ya karya ba.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, giɓin ba na kalmomi ba ne. Na nau'in rubutu ne: rubutun da ke bayyana aiki mai haɗari daki-daki, ya faɗi abin da aka yi niyya, da abin da aka aikata, da inda aka kuskure.

Irin wannan rubutu ba baƙo ba ne a al'adar karatun da muka gada. Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba wanda ya rasu wajajen 1013, ya keɓe juzu'i na 30 na littafinsa At-Tasrif ga tiyata, ya zana kayan aiki kusan 200, aka kuma fassara shi zuwa Latin a ƙarni na 12 har ya zama abin koyarwa a Turai ƙarnuka da dama. Abin da ya fi jan hankalina a ciki ba zane-zanen ba ne. Tun a gabatarwa ya ba da labarin wani likita da bai san tsarin jiki ba, wanda ya tsaga kumburi a wuyan wata mata, ya yanke jijiya, jini ya ƙare mata a hannunsa. Marubucin ya fara da gawa kafin ya fara koyar da riƙon aska.

A nan gida ma haka abin yake ta fuskar yaƙi. Ahmad bin Fartuwa, babban limamin Mai Idris Alooma, ya rubuta yaƙe-yaƙen Barno a 1576 da na Kanem a 1578, yana bayyana hanyoyin da runduna ta bi, da zangon da ta yi, da yadda aka yi wa gari mai ganuwa irin Amsaka ƙawanya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, bai tsaya ga nasarar Tafkin Kwatto ta 1804 da faɗuwar Alƙalawa a 1808 ba. Ya rubuta Tsuntsuwa, inda jama'a ta rasa mahaddata Alƙur'ani masu yawa, ya kuma rubuta Alwasa. Baffansa Abdullahin Gwandu a Tazyinul Waraƙati ya ma fi shi zafi, domin ya ɗora laifin shan kashi a kan halin mayaƙansu da kwaɗayin ganima. Kuma Bellon nan dai shi ne ya rubuta risala a kan ciwon basir da magungunansa. Wato alƙalami ɗaya ya yi bayanin fagen daga, ya kuma yi bayanin jikin majiyyaci. Sai dai duk da Larabci aka yi su, abin da ya iso ga mai karanta Hausar boko kuwa fassara ce, irin wadda Hukumar Fassara ta Zariya ta fara da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930.

Yau fa? Rundunar sojan Nijeriya ta daɗe tana raɗa wa ayyukanta sunayen Hausa. An yi Zaman Lafiya, aka maye gurbinsa da Lafiya Dole a 2015, aka koma Haɗin Kai a 2021. A Arewa maso Yamma an ji Sharan Daji, da Harbin Kunama, da Hadarin Daji. (A takardun hukuma ƙugiyar "ɗ" ta Haɗin Kai takan ɓace, amma wannan ƙaramin ƙorafi ne.) Sunan na Hausa ne domin ana so mutanen karkara su ji, su ba da goyon baya. Bayanin abin da ya faru kuwa, da rahoto, da tarihin da hafsoshi ke rubutawa bayan sun yi ritaya, duk da Ingilishi suke fitowa. Haka aka yi da Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970: Obasanjo ya fitar da My Command a 1980, Alexander Madiebo ya ba da labarin ɓangaren Biyafara a shekarar, Alabi-Isama ya zo ya ƙalubalanci Obasanjo a 2013. Hausawa da masu jin Hausa sun cika sahun gaba a wannan yaƙi, abin da harshensu ya adana galibi waƙoƙin zuga ne. Waƙa tana da matsayinta, amma ba a tsara ta domin ta faɗi dalilin da ya sa aka yi ta asarar rayuka wajen ƙetare Kogin Kwara zuwa Onica ba.

Ɓangaren tiyata ya fi taɓa ni, domin na tsaya a ciki. Shekaru kaɗan da suka wuce aka kwantar da gwaggota a wani asibiti za a cire mata maƙoƙo. Aka miƙo takardar amincewa da Ingilishi, aka ce in fassara mata ta dangwala. Ina da digiri na biyu a Hausa, amma na tsaya ina lalube. Kalmomin ba su gagare ni ba. Abin da ya gagare ni shi ne jera su yadda za ta gane cewa akwai jijiyar murya kusa da wurin da za a yanka, kuma mai yiwuwa ta riƙa shan magani har ƙarshen rayuwarta. Na taƙaita na ce, "Gwaggo, aiki ne za a yi, in Allah ya so ba komai." Ta dangwala. Har yau ina ganin ban fassara mata komai ba.

Abin lura kuma, a ƙasar Hausa aka samar da wani muhimmin ɓangare na ilimin gyaran yoyon fitsari. Likitan Holan Kees Waaldijk ya shafe shekaru yana wannan aiki a Babbar Ruga ta Katsina, ya kuma rubuta littafin koyar da shi mataki-mataki. Lewis Wall, wanda ya wallafa Hausa Medicine a 1988, likitan mata ne, yana kuma cikin waɗanda suka tsaya aka kafa cibiyar Danja kusa da Maraɗi. Jikin matanmu ne darasin, amma matar da ke jiran layi ba ta da ɗan littafin da 'yarta mai aji shida za ta karanta mata.

Za a ce likitoci da Ingilishi suke karatu, soja kuma yana da sirri. Na yarda da duka biyun. Ba ina kira a rubuta littafin horar da likitan fiɗa da Hausa ba ne, wannan ɓata takarda ne a halin da ake ciki. Wanda nake nema wa littafi shi ne wanda ake yi wa aikin, da wanda ake yin aikin a ƙauyensa. Za a kuma ce rediyo na yi. Yana yi, amma shiri yakan wuce da iska, ba a komawa shafi na 12 a daren da za a shiga tiyata.

A nan ne nake ganin sassan Hausa na jami'o'inmu suna da alhaki. Mun yi ƙoƙari wajen tara keɓaɓɓun kalmomi, kuma kundayen digiri a kan wanzanci da ɗori da kayan yaƙi suna nan jibge: ƙaho, sakiya, tsaga, cire beli, lifidi, sulke, kwalkwali, kwanton ɓauna. Amma mun mayar da su jerin sunaye a rataye na ƙarshen kundi, kamar kayan gidan tarihi. Jerin kalmomi ba ya koya wa harshe yadda zai ce "da farko, sa'an nan, idan kuwa jini ya ɓalle". Wannan sai an rubuta shi an sake rubutawa.

Shawarata ita ce hukumomin karatun gaba da digiri su karɓi irin wannan aiki a matsayin kundi cikakke. Ɗalibi ya zauna da likitan mata ya rubuta bayanin haihuwa ta hanyar tiyata cikin shafi 40, a gwada shi a kan mata masu zuwa awo, a gyara inda ba su gane ba, ya kare zaɓin kowace kalma a gaban malamai. Wani ya ɗauki rakoda ya nufi tsofaffin sojojin Yaƙin Basasa da suka rage a Kaduna da Zariya da Kano, waɗanda mafi ƙuruciyarsu ya haura 70.