RA'AYINMU: WASAN KWALEKWALE A BAKIN TEKU YANA DA ƘA'IDA

Da aka mayar da babban birnin Tarayya zuwa Abuja a watan Disamba na 1991, mutane da yawa sun ɗauka hulɗar ma'aikacin Arewa da bakin teku ta ƙare ke nan. Alhali kuwa har gobe ana tura ma'aikata kwas a Kwalejin Horar da Ma'aikatan Mulki da ke Topo a Badagry, ɗaliban shari'a na zuwa reshen Makarantar Lauyoyi na Legas, kuma tun 1973 shirin bautar ƙasa ke kai samarinmu da 'yan matanmu jihohin da ke bakin ruwa. Ran Asabar ko Lahadi in aiki ya lafa, sai abokai su ce a je a sha iskar teku. A can ne saurayi ɗan Gumel ko Funtuwa, wanda iyakar saninsa da ruwa kududdufin bayan gari ne, zai tarar da ɗan ƙaramin jirgin roba mai launi ana ba da shi haya, ya ga wasu na hawan igiyar ruwa da shi kamar masu sukuwa, ransa ya biya.

Wannan jirgi shi ake kira kayak. Asalinsa na mutanen Inuwit ne mazauna ƙasashen ƙanƙara na can arewacin duniya, waɗanda ke ɗinka shi da fatar dabbar ruwa don farauta. Mutum ɗaya ke zama a ciki, yana tuƙi da filafili mai baki biyu. Ba mu ga aibin wasan ba ko kaɗan. Wasa ne mai gina jiki, kuma ƙasar nan ta fara samun suna a wasannin kwalekwale, tun daga Jonathan Akinyemi a gasar Olamfik ta Landan a 2012 har zuwa Ayomide Bello a ta Tokyo da aka yi a 2021. Abin da ya dame mu shi ne yadda sabon shiga ke faɗa wa teku ba tare da kowa ya zaunar da shi ya gaya masa dokokinta ba. Masu iya magana sun ce baƙo ko da ido makaho ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ke kan gaba. Saboda girman wannan asara ne Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2021, ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don faɗakarwa kan nutsewa. Nijeriya kuwa na da gaɓar teku mai tsawon fiye da kilomita 800.

Wanda ya taso a Argungu ko Yawuri zai iya cewa ai shi ɗan ruwa ne, ya ga kabanci, ya yi tseren kwalekwale a Matan Fada. Muna girmama Sarkawa da gwanintarsu, amma gulbi daban, teku daban. Gulbi hanya ɗaya ya nufa, kowa ya san inda ya dosa. Teku kuwa tana zuwa tana komawa, tana cikowa tana janyewa sau biyu a kwana guda, kuma wurin da ruwa ke iya gwiwa da hantsi zai iya shanye mutum da la'asar. Bugu da ƙari, igiyoyin da ke dukan gaɓar Legas daga can kudancin tekun Atilantika suke tasowa, suna kuma ƙara girma da ƙarfi a watannin damina.

Babban abin da ke cin rayuka a irin waɗannan wurare shi ne abin da za mu kira kwararon ruwa. Ruwan da igiyoyi suka tara a gaɓa dole ya koma inda ya fito, sai ya nemi wata 'yar siririyar hanya tsakanin tudun yashi ko gefen duwatsu ya kwarara cikin teku da gudu. Gudun nan kan kai mita 2 a daƙiƙa guda, har ya ɗara, watau ya fi ƙarfin zakaran iyo na duniya. Makircin abin shi ne, daidai wurin ne ruwa ke zama kamar ya kwanta, babu farin kumfa, launinsa ya ɗan yi duhu ko ya gurɓata da yashi, don haka shi baƙo ke zaɓa yana zaton ya sami wuri mai lafiya. Kwararon ruwa ba ya jan mutum ƙasa. Nesa da gaɓa yake kai shi, kuma gajiya da firgita su ke ƙarasa shi in ya dage sai ya yi iyo gaba da gaba da ruwan. Dabara ita ce mutum ya natsu ya kwanta bisa ruwa, ya ɗaga hannu ɗaya don a gan shi, in yana da ƙarfi ya yi iyo a gicciye, daura da gaɓa, har ya fita daga kwararon. Wanda ke da kwalekwale kada ya rabu da shi, domin ya fi kan mutum saurin hangowa, kuma ba ya nutsewa.

Sai batun ladabi, wanda a ganinmu shi ne ginshiƙin tsaron baki ɗaya, shi ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Masu hawan igiyar ruwa a ko'ina cikin duniya suna da ƙa'idar da ba majalisa ce ta zartar ba, amma kowa na bin ta: igiya ɗaya, mutum ɗaya. Wanda ya fi kusa da inda igiyar ta fara karyewa shi ke da ita. In ya riga ya hau, babu halin wani ya faɗo gabansa. Mai fita daga gaɓa zuwa cikin teku kuma shi ke da alhakin kaucewa, ya kewaya ta gefe, in kuwa ya makara, ya nufi wajen farin kumfa ya sha dukan ruwa, ya bar wa mai tahowa fili. Wani zai ce wannan kinibibin Turawa ne. To, mu da muka san hawan salla, mun san abin da ke faruwa idan mahayi ya gitta gaban wanda ya saki linzami.

Wannan ƙa'ida ta fi hawa kan mai kwalekwale fiye da kowa, kuma ga dalili. Yana zaune sama da ruwa, yana hango igiya tun daga nesa, filafili na ba shi saurin da mai hawan allo da hannuwansa ba zai samu ba. In ya ga dama sai ya kwashe kowace igiya ya bar sauran jama'a suna kallo. Wannan haɗama ce, kuma ita ke haddasa husuma a ruwa. Daɗin daɗawa, jirginsa ya fi allo nauyi nesa ba kusa ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka kwalekwalen da ya kife ya sha lita 100 ya zama kamar buhun hatsi da igiya ke jifa da shi, ba birki, ba matuƙi. Duk yaron da ke wasa a bakin ruwa daidai wurin, ƙafarsa ko haƙarƙarinsa na cikin haɗari. Don haka sabon shiga ba shi da hurumi a tsakiyar masu iyo, ba shi da hurumi a tsakiyar gwanaye. Ya nemi gefe inda babu kowa, inda ƙasa yashi ce, igiya ba ta wuce ƙugu ba, ya yi ta faɗuwa yana tashi a can har hannunsa ya faɗa. In ya kife, ya tabbata ya tsaya ta ɓangaren teku, kada ya yarda jirgin ya shiga tsakaninsa da igiya mai zuwa. In igiya ta juya shi a gicciye, ya karkata jikinsa wajen kumfar. Wanda ya karkata wajen gaɓa nan take zai sha ƙasa.

Kayan aiki ba su da yawa. Rigar kariya daga nutsewa wadda ta kama jiki, hular kwano, da kwalekwale irin wanda ake zama a bisansa, domin ya fi wanda ake zura ƙafafu ciki sauƙin fita. Ba a ɗaure filafili da igiya a jiki a cikin raƙuman ruwa, don takan naɗe mutum. Ba a shiga shi kaɗai, ba a shiga da magariba, ba a shiga in iska na busowa daga tudu zuwa teku. Wanda bai iya iyo ba kuwa, maganar ma ba ta taso ba.

Amma rashin adalci ne a ɗora wa baƙo dukan nauyin. Yawancin wuraren shaƙatawa na bakin teku a Legas sai an biya kuɗin shiga, kuma duk wanda ya karɓi kuɗin mutum ya karɓi amanar ransa. A ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci akwai tutoci da kowa ya san ma'anarsu: tsakanin tutoci masu ja da rawaya nan ne wurin iyo da masu ceto ke tsaro, masu zanen baƙi da fari na masu allo da kwalekwale ne, ja zalla kuma na nufin kada kowa ya shiga. Kafa su bai kai kuɗin lasifikar da ake kiɗa da ita ba. Ko a Tarkwa Bay, inda ganuwar duwatsun da aka gina don kare mashigin tashar jiragen ruwa ta sa ruwa ya fi lafawa, raba masu iyo da masu jirgi wajibi ne, balle a buɗaɗɗiyar gaɓar Lekki da ta Badagry.

Hukumomin da za su iya wannan aiki suna nan. Akwai Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa mai hedkwata a Lokoja, da ta Jihar Legas wadda aka kafa a 2008, kuma dukansu sun wajabta rigar kariya ga fasinjojin jiragen ruwa. Muna kira da a shimfiɗa wannan doka har kan masu ba da hayar kwalekwalen wasa: kada a ba kowa lasisi sai yana da mai ceto horarre a bakin aiki, da tutoci, da allon gargaɗi cikin Ingilishi da Yarbanci da Hausa, kuma kada a miƙa wa baƙo filafili sai an yi masa bayani na ko da minti goma ne.

Shugabannin makarantu da ƙungiyoyin ɗalibai masu shirya yawon buɗe ido su ma da nasu. Kafin mota ta tashi daga Zariya ko Sakkwato, a rubuta sunayen waɗanda suka iya iyo da waɗanda ba su iya ba, a naɗa malamin da aikinsa kawai ƙirga kawuna a bakin ruwa, a kuma tabbata kowa ya haddace lambar neman agaji ta 112. Haka nan muna roƙon cibiyoyin horar da ma'aikata da sansanonin masu bautar ƙasa na jihohin bakin teku su ware sa'a guda a makon farko, su gayyato masunta da masu ceto na yankin su nuna wa baƙi yadda ake gane kwararon ruwa daga tudu.