Galmi da muke zuwa, tarihinta da ba mu sani ba



In ciwo ya gagari likitar gari, ko haihuwa ta zo da gardama, kalma guda ake ji a gidajenmu: a kai shi Galmi, a kai ta Galmi. Amma a tambayi ɗan lise wa ya gina asibitin nan, yaushe, sai ya ce "nasara ne" ya yi shiru. Mu ma da munka yi lakwal, an karantar da mu tarihin Faransa har da sunayen sarakunanta, ba a taɓa ce muna uffan ba a kan ƴan mishan da ke bakin hanyar Ƙonni zuwa Madawa.

To ga kaɗan. Mishan ɗin SIM ta shigo Damagaram a 1924, daga baya ta zauna Tsibiri kusa da Maraɗi. Asibitin Galmi an buɗe shi a 1950, shekara 10 kafin ƴancin kai. A Danja kuma sunka yi gidan jinyar kutare. Turawan nan masu Ingilishi ne, shi ya sa Faransawan mulkin mallaka ba su taɓa sakin jiki da su ba. Da Hausa sunka yi wa'azinsu, don tun 1932 an fassara Littafi Mai Tsarki duka da Hausa. Ke nan Kiristan Tsibiri ko na Galmi ba baƙo ba ne da ya sauka jiya. Bagobiri ne, Ba'adare ne, kakansa ya yi noma gefen gonar kakan wani cikinmu. Katolika kuma nasu tsarin daban, tun 2001 jihar Tawa tana ƙarƙashin bishop na Maraɗi.

Ba mu ce tarihin nan duk zuma ba ne. Mishan magani ta kawo, amma da wa'azi ta haɗa shi, kuma akwai dattawan da har sunka koma ga Allah ba su yarda da haka ba. Wannan ma a faɗe shi, a rubuta shi. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne shirun.

Don mun ga abin da shiru ke haifarwa. Ranar 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, washegari a Yamai, fushin zanen wata jarida ta Paris ya sauka kan majami'un ƴan ƙasa. Mutum 10 sunka rasu, a Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙirga coci 45 da aka ƙona. Yaron da ya riƙe galan ɗin esansi ran nan, da ya san waɗanda ke addu'a a ciki ƴan unguwarsu ne tun kaka da kakanni, anya zai kyasta ashana?

Mafi yawan abin da aka rubuta kan gidajen nan da Ingilishi yake ko Faransanci, a ajiye nesa da mu. Waɗanda sunka ga farkon abin kuwa, tsofaffin ma'aikatan jinya, magina, matan da sunka haihu can tun zamanin Diori, kullum raguwa suke.

Saboda haka muna kira ga rediyoyin karkara na yankinmu da malaman tarihi na CEG: a ɗauki waya a je a naɗi muryoyinsu, Musulmi da Kirista, da Hausarsu ta Adar. Ku kuma masu saurare, wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida da sunka san Galmi ta dā, ya turo muna saƙon murya ta WhatsApp, mu sa a iska.